Ɗan Injin da Ke Tayar da Katafila: Dalilan Ɗaukar Zafinsa Bayan An Yi Masa Aiki

Da sanyin safiya, a irin ramukan da ake ɗibar jar ƙasa a bayan garin Dutse, akan tarar da tifofi sun jeru, direbobi sun kashe mota suna hira, leburori sun jingine shebur, alhali kuwa dukan jama'ar nan ba abin da suke jira face wata tsohuwar katafila, wadda ta girmi mafi yawansu, ta tashi ta fara tura ƙasa. Matuƙinta ba makulli yake murɗawa ba. Hawa yake yi ya buɗe famfon fetur, ya naɗa igiya a jikin wani faifan ƙarfe, ya fizga, sai wani ɗan inji da ke maƙale a jikin babban ya kama da ƙara mai kaifi.

Wannan ɗan inji shi ne mai tayar da babban, kuma idan ya ƙi, katafilar da ke iya tumɓuke kuka ba ta iya motsa ko taku ɗaya. Abin da ke damun masu irin waɗannan injuna shi ne, sau da yawa bayan an sauke ɗan injin, an kai shi Kano an yi masa aiki, an sa sababbin fistin da ringi da gasket, an kashe kuɗin da mai shi ya daɗe yana tarawa, sai a ɗaura shi ya yi 'yan mintoci yana aiki, fenti ya fara hayaƙi, a ji ruwa na tafasa a cikinsa, ƙararsa ta yi nauyi, daga nan ya shaƙe ya mutu.

A nan ne mai katafila yakan ɗora laifi a kan bakanike, bakanike ya ɗora a kan mai sayar da kaya, mai kaya kuma ya ce matuƙi ne bai iya ba. Galibi kowannensu yana da ɗan rabo a cikin gaskiya, amma wanda ya yi nazarin al'amarin da natsuwa zai iske cewa illar ba kasafai take cikin sababbin kayan da aka saka ba; ta fi zama a wuraren da hannun mai gyara bai kai ba, da kuma cikin ƙa'idojin tayarwa waɗanda aka daina koyar da su.

Hikimar da ta sa aka yi shi

Kamfanin Caterpillar, wanda aka kafa a Amurka a 1925 bayan haɗewar kamfanonin Holt da Best, ya fitar da tarakta mai aiki da man gas a 1931. Injin gas ba shi da fulogi; iska yake matsewa a cikin silinda har ta yi zafin da in an feso mai zai kama da kansa, kuma kafin a sami wannan matsi dole a juya inji da ƙarfin da ya fi ƙarfin damtsen mutum, ya kuma fi ƙarfin batiran wancan zamani, balle a ƙasashen da ruwa ke daskarewa.

Saboda haka masu ƙira suka yi dabara, suka liƙa wa babban injin wani ƙarami mai silinda 2 mai shan fetur, wanda mutum ɗaya zai iya tayarwa da igiya ko da hannun juyi. A ƙananan katafiloli irin su D2 da D4, da kuma D6 ta dā, yana kwance ne a bayan babban inji, silindarsa ɗaya na duban dama ɗaya na duban hagu. A manya irin su D7 da D8 kuwa yana tsaye a gefe, kuma yana da giya 2, ta sauri da ta ƙarfi. Giredar nan mai lamba 12, wadda ta fara fita a 1938, ita ma da irinsa ake tayar da ita. Kamfanin John Deere ya bi wannan tafarki a wasu taraktocinsa na noma tun daga 1949.

Fa'idar ɗan injin ba ta tsaya ga juyawa ba. An ratsa bututun salansarsa ta cikin hanyar da babban inji ke shaƙar iska domin ya ɗumama ta, an kuma haɗa ruwansa da na babban domin zafinsa ya gasa jikin silindodi, sa'an nan ga shi yana juya babban a hankali har baƙin mai ya zagaye ko'ina kafin a ɗora masa nauyi. Masana injuna da yawa suna ganin wannan tausasawar tana cikin sababan da suka sa katafilolin wancan zamani suka yi tsawon rai. Sai daga wajajen 1960 tayarwa da batir ta fara rinjaye, ko da yake an ci gaba da sayar da masu ɗan inji shekaru da dama bayan haka.

Yadda suka iso ƙasar Dutse

Tun zamanin Turawa, ma'aikatar ayyuka da hukumomin En'e suke amfani da katafila da gireda wajen fasa hanya, kuma reshen kamfanin UAC mai suna Tractor and Equipment shi ne ya daɗe yana dillancinsu a Nijeriya, kafin dillancin ya koma hannun Mantrac. Amma lokacin da ƙasar Kano ta fi ganin manyan injuna shi ne zamanin Gwamna Audu Baƙo, daga 1967 zuwa 1975, sa'ad da aka tasam ma gina madatsun ruwa irin su Bagauda da Tiga, al'amarin da farin shekarun 1972 zuwa 1974 ya ƙara wa muhimmanci. A bayansa hukumar WRECA ta jiha, da hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ta tarayya wadda aka kafa a 1976, suka ci gaba da irin wannan aiki. Madatsar Warwaɗe da ke kusa da Dutse tana cikin abin da aka gada daga tsohuwar Jihar Kano.

Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Dutse hedikwata, sai garin da a dā bai wuce mazaunin sarauta da kasuwa ba ya wayi gari yana bukatar sakatariya da tituna da gidajen ma'aikata a lokaci guda. Manyan kamfanoni suka zo da sababbin injuna, suka gama suka tafi da su. Ƙananan 'yan kwangila kuwa, waɗanda ke share filaye, da tona ramin jar ƙasa, da gyaran hanyoyin karkara a wajajen Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu da Gwaram, abin da ƙarfinsu ya kai shi ne na gwanjo da na hannu.

Masu ɗan inji a cikinsu yanzu sun yi ƙaranci, domin da yawa sun shiga hannun 'yan gwangwan an yanka su an auna a kilo. Sai dai tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, sayen sabuwar katafila ya fi ƙarfin kowa in ba gwamnati da manyan kamfanoni ba, har kuɗin hayarta ma ya yi tsada. Ga shi kuma ambaliya irin ta 2022 ta nuna yadda ake bukatar injin da zai ɗaga jinga ya buɗe hanyar ruwa. Wannan ya sa wasu suka koma ga waɗanda suka yi shekaru a jibge a yadi suna neman farfaɗo da su, da ma an ce da tsohuwar zuma ake magani.

Ruwa ɗaya, famfo ɗaya

Mas'alar da ya wajaba a fara fahimta, wadda kuma jahiltarta ta ƙone injuna masu yawa, ita ce galibin waɗannan ƙananan injuna ba su da lagireto nasu, ba su da fanka, ba su da famfon ruwa. Ruwan babban inji suke sha: yana shigowa ta ƙasa, ya zagaye silinda da kawunanta, ya fita ta sama ya koma inda ya fito. Matuƙar babban inji bai fara juyawa ba, famfonsa a tsaye yake, kuma ba abin da ke motsa ruwan face ɗabi'ar da Allah Ya halicce shi da ita, cewa mai zafi yakan yi sama mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa, kamar yadda ake gani a tukunyar da ke kan murhu kafin ta tafasa.

Wannan zagayawa mai rauni ce ƙwarai. Tana isar ɗan injin na 'yan mintocin da zai ɗumama, amma ba ta isarsa in aka bar shi yana ta gudu shi kaɗai. To, a nan ne gyara kan jawo ɓarna: bakaniken da ya saba da injin mota, in ya gama haɗa inji, al'adarsa ce ya tayar ya bar shi yana aiki rabin sa'a ko fiye domin sababbin kaya su zauna, kuma wannan daidai ne a mota, amma in ya yi wa ɗan injin katafila haka ba tare da ya sa shi juya babban ba, lalle zai ga ruwa ya tafasa, ya zaci ko wani abu ya kuskure a wajen haɗawa, alhali kuwa aikinsa lafiya lau yake.

Saboda haka wanda ke son sababbin kaya su zauna, sai ya haɗa ɗan injin da babban, ya bar sandar da ke sakin matsin babban a buɗe, ya rufe man gas, ya bar shi yana juya babban ba nauyi, domin famfo ya tura ruwa. Ya riƙa yi yana hutar da shi.

Tartibin bincike

Kanikawan da suka daɗe a sana'ar ba sa fara bincike da sifana. Sukan fara tabbatar da cewa zafin na haƙiƙa ne, domin sabon fenti da man da ya zuba a jikin salansa sukan yi hayaƙi da ƙauri a tashin farko ba tare da wata illa ba. A dā da tafin hannu da ɗigon ruwa ake gwadawa. Yanzu akwai ɗan ma'aunin zafi mai haska jan ɗigo. Abin lura shi ne a gwada kawunan silinda biyun: in ɗaya ya fi ɗaya zafi da nisa, illar tana wannan ɓangaren, in duka biyun suna hawa tare da sauri, to ruwa ne ba ya tafiya gaba ɗaya, ko wuta ce ba ta kan lokaci.

Na biyu, a duba yawan ruwa. Sashen ɗan injin na sama yana cikin wurare mafi tsayi a hanyar ruwa, don haka ƙarancin da babban inji ba zai ji ba, shi ne farkon wanda zai bushe saboda shi. Wanda injinsa ke baya, in aka ajiye katafila gabanta na duban gangare, kamar yadda kan faru a bakin rami ko a gindin dutse, ƙarancin yakan ƙara tsananta. Haka kuma bayan an zubar da ruwa an sake cikawa, iska takan maƙale a sama ta tare hanya. Sai an sassauta toshiyar da ke can sama ko mahaɗin bututu, an bari iska ta fita har ruwa ya biyo baya, sa'an nan a ɗaure.

Na uku, kuma a nan ne mafi yawan cutar take, hanyoyin ruwan da ke cikin ƙarfen kansa. Injin da ya shekara 50 ko 60 yana shan ruwan rijiya da na kududdufi da na burtsatse, ba tare da maganin hana tsatsa ba, laka da tsatsa da farar ƙasar da ruwa ke bari sukan kwanta a ƙasan hanyoyinsa, tun da can ne ruwa ya fi tafiya a hankali, har su daskare su yi tauri. Mai tana, wato mai sassaƙar ƙarfe da inji, ya gyara silinda ta yi sheƙi, mai haɗawa ya wanke da fetur ya goge, amma fetur ba ya narkar da wannan dasƙararren abu, idon mai gyara kuma ba ya kai gare shi.

Maganinsa aiki ne na haƙuri. A cire kawunan silinda da murfin sama da toshiyoyin jiki, a sa waya mai ƙarfi da siririn ƙarfe a yi ta tsokana ana ƙwanƙwasawa, a busa iska, a tura ruwa da ƙarfi ta kishiyar hanyar da ya saba bi, a jiƙa da maganin wankin lagireto a sake wankewa. Abin da ke fitowa yakan ba mai shi mamaki: baƙar laka da ɓarɓashin tsatsa cike da gwangwani, daga injin da aka ce an gama aikinsa. Ba a yarda an gama sai an zuba ruwa ta sama an ga ya fito ta ƙasa da kaurin da ya shiga. Kada kuma a manta da ramin da ke jikin babban inji inda ruwan ke fitowa, domin in an wanke ɗan injin tas aka ɗaura shi a kan toshasshen rami, an yi aikin baban giwa.

Daga nan sai gasket. Na asali ya yi wuya, saboda haka akan yanka na gida a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko a gareji, kuma mai yankan yakan bi ramukan da ya gani a tsohon, wanda wataƙila tsatsa ta riga ta rufe waɗansu. Ko a ɗora shi a juye ya toshe rami. Ko a lafta gam ya matse ya shiga hanya. Ƙa'ida ita ce a ɗora gasket a kan ƙarfe kafin a ɗaure, a ƙirga ramukan wannan da na wancan.

Wuta da fetur

In ruwa ya tabbata yana tafiya amma zafi bai daina ba, sai a koma ga wuta. Ɗan injin ba ya dogara da batir. Maganeto ne ke ba fulogi wuta, kuma akwai alamomin da aka buga a jikin haƙoran giya domin a daidaita shi. In aka kuskure haƙori ɗaya wuta ta riƙa zuwa a makare, mai yakan ci gaba da ci har bayan bawul ya buɗe, sai zafin da ya kamata ya zama ƙarfi ya tafi jikin ƙarfe da salansa. Alamarsa ita ce inji ba ƙarfi, salansa kuwa ta yi ja da wuri, abin da ake gani sarai in an tayar da asuba. In wutar ta riga lokaci kuma, sai a ji ƙara kamar ana buga ƙarfe, igiya ko hannun juyi ya riƙa fizgowa baya, wanda hatsari ne ga hannun mai tayarwa.

Ƙarancin fetur a cikin iska shi ma yana haddasa zafi. Kafireton waɗannan injuna ƙanana ne, ramukansa sirara, tankin fetur kuwa ya tsufa yana zubo tsatsa; ko kuma iska na satar shiga ta mahaɗin da bai ɗauru ba. Injin da ba ya tsayawa sai an ja cok rabi yana shaida wa mai shi cewa mai ba ya isarsa, kuma farin bakin fulogi yana ƙara tabbatar da haka.

Salansa ma abin dubawa ce, tun da doguwa ce mai ratsa cikin wani ƙarfe. Baƙin hayaƙi yakan cunkushe ta, injin da ya yi damina a ajiye kuma zanzaro yakan gina ɗakinsa na laka a bakinta, sai hayaƙi ya rasa mafita ya koma ya gasa bawul. Haka nan abin da ke ƙayyade gudun inji: in an ɗaure shi da waya domin a sami ƙarfi, inji yakan wuce haddinsa, ya yi zafi, wani lokaci ya wargaje.

Sabon kaya da matsinsa

Akwai kuma zafin da gyaran kansa ke haifarwa. Fistin yakan kumbura in ya ji wuta, don haka masu ƙira suka bar rata tsakaninsa da silinda, da rata a bakin ringi, da rata a gindin bawul, kowacce da ma'auninta a littafin kamfani. Da yake kayan asali sun yi wuya, akan nemo fistin ko ringin wani inji a daidaita, mai tana kuma yakan matse aikin don kada a ce ya bar sako-sako. Inji irin wannan yana tashi lafiya da sanyi, in ya ɗumama sai ƙararsa ta yi nauyi ya mutu, ya ƙi juyuwa da hannu, bayan ya huce kuma ya saki. Wanda ya ga haka ya daina tayarwa, domin kowace tayarwa tana kankare jikin silinda.

Baƙin mai yana da nasa hukunci. Ƙananan ba su da famfon mai, fantsama kawai yake yi, abin da suke ɗauka kuwa bai fi lita 1 ba. In aka kashe inji ta hanyar yanke wuta aka bar famfon fetur a buɗe, girgizar katafila takan sa fetur ya tsiyaya ya gangara cikin man ya tsinka shi, sai ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. Shi ya sa ƙa'idar kashewa ita ce a rufe famfon fetur a bar inji ya shanye na cikin kafireto ya mutu da kansa. A shanshana ma'aunin mai kullum. In da warin fetur, a juye. Bayan tashin farko kuma, in inji ya huce, a sake bin notocin kan silinda, domin sabon gasket yakan lotsa.

Abu na ƙarshe da ake zato shi ne tsagewar ƙarfe, wadda galibi takan samo asali daga zuba ruwan sanyi a inji mai zafi. Alamominta kumfa a bakin lagireto sa'ad da ɗan injin ke aiki, da farin hayaƙi, da jiƙaƙƙen fulogi, da man da ya koma kalar madara. An jinkirta ambatonta ne domin ita ce mafi tsada, kuma bai kamata a hukunta da ita ba sai an kore sauran.

In babban ne ba shi da lafiya

Sau da yawa ɗan injin ba shi da laifi ko kaɗan. An yi shi ne ya yi aiki na ɗan lokaci. In babban ya gaji, ringinsa sun cinye, nozul ba sa fesawa daidai, ko iska ta shiga hanyar man gas, sai matuƙi ya bar ƙaramin yana fama da cikakken matsi minti 20 ko 30, a watan Afrilu da zafin Dutse ke haura digiri 40. In kuma fambel ya saki, ko fukafukan famfon ruwa sun cinye, juyawar ma ba ta kawo ruwa. Al'adar nan ta cire abin da ke tsare ruwa a cikin inji har ya ɗumama, wadda ta zama ruwan dare a garejojinmu, tana sa babban ya daɗe bai ji ɗumi ba a lokacin hunturu, ƙaramin kuma ya daɗe yana wahala.

Tsarin tayarwa kuwa jerantawa ce da ba a tsallake rukuni a cikinta: giya a sake, man gas a rufe, matsi a buɗe, a tayar da ƙaramin ya ɗan ɗumama, a shigar da haƙorinsa a kama kuloci, a jira allurar mai ta hau, a rufe matsi a bar babban ya gasa kansa, sa'an nan a buɗe man gas. Da ya kama, haƙorin yakan fice da kansa, sai a rufe fetur. Matuƙin da direbobin tifa ke yi wa hon yakan so ya gajarce, gaggawa kuwa aikin Shaiɗan ce.

Saɓanin ra'ayi

Masu katafila da yawa sun gaji, sun zaɓi a cire ɗan injin a sa kik, wato abin tayarwa na lantarki, da manyan batira 2. Hujjarsu ita ce kayan gyara sun yi wuya, fetur ya yi tsada, rana ɗaya ta zaman banza kuma hasara ce ga mai inji da matuƙi da direbobi da leburori gaba ɗaya, ban da sunan ɗan kwangila da ke ɓaci a wurin wanda ya ba shi aiki. Wannan magana tana da ƙarfi, musamman a ƙasar da ba ta da sanyin da ya sa aka ƙirƙiro dabarar tun asali.

Tsofaffin matuƙa suna da nasu jawabi. Ba kowace katafila ce aka yi wa gurbin kik ba, sai an huda ko an canja ƙarfe. Batir yana da tsada, zafi na kashe shi da wuri, ɓarayi kuma na sonsa, alhali injin da ke kwana a dajin Gwaram ko fadamar Miga, nesa da mai cajin batir, igiya da kwalbar fetur sun ishe shi. Suna ƙarawa da cewa gajiyayyen injin da ƙaramin ke lallaɓawa ya tashi, kik ba zai iya da shi ba, sai a koma fesa masa fetur a bakin iska, abin da ke karya ringi.

Kanikawa matasa kuwa kukansu shi ne ba wanda ya nuna musu. Sun tashi a zamanin kik da na'urar kwamfuta, littafin kamfani da Turanci yake, ma'auninsa da inci, kuma ba ya hannun kowa. Masu sayar da kaya suna cewa sukan nuna mai kyau da mai araha, mai saye ne ke zaɓar na biyun, ya manta araha ba ta ado.

Abin da ya kamata

Ko wane ra'ayi mutum ya bi, mai inji yana da haƙƙin da zai tsare wa kansa. Kafin ya biya kuɗin aiki, ya nemi a gwada masa tafiyar ruwa a gabansa, a nuna masa ratar ringi da ta bawul da ma'auni. Ya tanadi ruwan sama ko wani ruwa mai tsabta da maganin hana tsatsa, ya hana ɗibar na kududdufi, ya hana buɗe lagireto da zafi, ya rufe bakin salansa da gwangwani in za a ajiye. Ya kuma sani cewa gyaran ƙaramin ba ya amfani in babban na bukatar nasa.

Abin da ya fi kayan gyara ƙaranci a yau shi ne mutanen da suka san aikin. Dattawan da suka koya a ma'aikatar ayyuka da WRECA, waɗanda ke jin ƙarar inji su faɗi ciwonsa, sun manyanta, iliminsu kuwa a ƙirji yake, ba a rubuce ba, kuma malamai sun daɗe da karantar da mu cewa ilimi da tafiyar ma'abutansa yake tafiya. Da ƙungiyar kanikawa ta jiha da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Dutse za su gayyato su, a zaunar da ɗalibai a gabansu tare da injin da aka warware, a rubuta ƙa'idojin da Hausa, a mai da ma'aunin inci zuwa milimita, a buga a ɗan littafin da zai shiga aljihun matuƙi, da an yi aikin da kuɗinsa bai kai na gyaran inji ɗaya ba, amfaninsa kuwa zai kai ga injinan ban-ruwa da na niƙa da janareto, tun da ruwa da wuta da mai da rata su ne dai abin bincike a cikinsu duka. Allah Ya sa a yi tun masu sanin suna raye.